Teku a Cikin Falo: Shirin da Ake Yi Kafin a Zuba Ruwa



Mun san da wuya a rasa mai mamaki a cikin zauren nan game da abin da muka zaɓa mu yi magana a kansa. Ga mu can cikin tudu, tsakaninmu da gaɓar teku tafiyar yini guda ce a mota ko fiye, amma mun tashi za mu yi lacca a kan yadda mutum zai kafa babban tankin gilashi na ruwan gishiri a gidansa, ya raya murjani da kifin teku a ciki. To, a yi mana haƙuri a ji dalili.

A dogon hutun da ya wuce, mu huɗu daga cikin ɗaliban nazarin halittu mun sauka a gidan wani babban ma'aikaci a birnin Ikko. A falonsa muka tarar da tanki mai tsawon kusan mita biyu, fitilu shuɗɗa na haskaka shi, kifaye masu launin ɗorawa suna kai da kawowa tsakanin rassan murjani. Mun daɗe tsaye ba wanda ya ce uffan. Bayan wata biyar ɗayanmu ya koma gidan da wani saƙo, sai ya iske tankin a bushe, an tara tsofaffin jaridu a ciki, murjanin kuwa ya zama farin dutse an jera shi bisa kanta. Da ya tambaya, sai maigidan ya ce wuta ce aka ɗauke wani dare ba ya gari, janareta ya ƙi tashi, kafin azahar ta kashegari kifayen duk sun taso sama, murjanin ma bai yi mako ba ya bi su.

Tun daga ranar muka shiga bincike, muna son mu gane abin da ya kashe tankin nan. Abin da muka gano shi ne, daren da aka ɗauke wuta ƙarashe kawai ya yi. Tankin ya kama hanyar mutuwa tun ranar da aka saye shi ba tare da an zauna da biro da takarda ba. Mai tankin murjani ruwa yake kiwo. Idan ruwan ya zauna a hali guda dare da rana, halittun da ke ciki za su ji da kansu. Kowace na'ura da za mu ambata a yau tana tsaye ne a madadin wani aiki da teku ke yi kyauta, kuma duk aikin da aka manta ba a naɗa masa wakili ba, ta nan ɓarna za ta shigo.

MENE NE MURJANI?

Mu Hausawa mun san murjani tun kaka da kakanni, amma a wuyan amare muka san shi. Jan murjanin nan na ado daga Bahar Rum ake ciro shi, fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi. Waɗanda kakanninsu suka je aikin Hajji ta ƙasa, ta hanyar Sudan, wataƙila sun ji labarin garin Sawakin na bakin Bahar Maliya, inda aka gina gidaje da tubalan dutsen murjani, kamar yadda aka gina tsohon garin Jidda. Wannan na biyun, mai gina duwatsu a cikin teku, shi ne abin maganarmu.

Murjani dabba ce, ko da yake ido na ganinsa kamar tsiro ko dutse. Kowane reshe tarin 'yan ƙananan halittu ne masu taushin jiki, kowace da bakinta guda kewaye da 'yan yatsu. Suna zuƙo sinadarin kalsiyam da na kabonet daga ruwa su gina wa kansu ƙashi irin na alli, 'ya'ya su ɗora bisa ginin iyaye, har a wayi gari an sami tsauni a ƙarƙashin ruwa. Mafi girmansu yana arewa maso gabashin Ostareliya, tsawonsa ya kai kilomita 2,300. A cikin naman waɗannan halittu akwai wata irin gansakuka da ido ba ya gani, masana na kiranta zuzantale. Ita ce ke amfani da hasken rana ta haɗa abinci ta ciyar da mai masaukinta, ita ce kuma ke ba shi yawancin launinsa. Zaman nasu na amana ne, amma mai saurin ɓaci. Idan zafin teku ya haura abin da aka saba gani a tsakiyar bazara da digiri ɗaya tak, ya kuma zauna haka 'yan makonni, sai murjani ya kori baƙuwarsa, ya yi fari fat, in sauƙi bai zo ba yunwa ta kashe shi. Haka ta faru a tekunan duniya a 1998 da 2010 da tsakanin 2014 zuwa 2017, aka kuma bayyana aukuwar karo na huɗu a 2024. Dabbar da digiri ɗaya ke kayarwa a cikin faffaɗan teku, ita ce ake so a tsare a cikin 'yan ɗaruruwan lita.

Ba abin mamaki ba ne da aka daɗe ana faɗuwa. An buɗe gidan kallon kifi na farko a gidan namun daji na Landan a 1853, amma sai da aka yi fiye da shekara ɗari kafin a iya raya murjani a gida. A farkon shekarun 1960 wani mutumin Jakarta mai suna Lee Chin Eng ya nuna cewa dutsen da aka ɗebo daga teku da halittunsa a jiki yana tsabtace ruwa da kansa. A shekarun 1970 masu sha'awar wannan kiwo a Jamus, ciki har da Peter Wilkens, suka haɗa wannan dutse da haske mai ƙarfi da na'urar kumfa da ruwan kalsiyam. Wannan shi ake kira tsarin Berlin, kuma a kansa mafi yawan tankunan gida suka ginu. A kansa mu ma za mu yi lissafinmu.

WURI DA NAUYI

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe: tanki mai tsawon santimita 180, faɗi 60, tsayi 60. Irin wannan yana cin lita 650 ko kusa da haka. Kada girman ya tsorata kowa, domin babban tanki ya fi ƙarami sauƙin riƙo. Ruwan randa ya fi na moɗa daɗewa bai ɗau zafi ba, haka kuma kuskure ɗaya ba ya saurin gurɓata ruwa mai yawa.

Amma kafin a je wurin mai gilashi, sai a tambayi daɓen ɗaki ko zai iya. Lita ɗaya ta ruwan teku ta ɗan ɗara kilo ɗaya, saboda haka ruwan kaɗai ya haura kilo 600. Gilashi mai kaurin milimita 12, wanda shi ne ya dace da wannan girma idan an ɗaure bakin tankin, zai kai kilo 120. A ƙara dutse da yashi kamar kilo 100, da ƙaramin tanki na ƙasa da ruwansa kilo 150, da teburin da zai ɗauki kayan duka. Jimla ta kai tan ɗaya, watau buhun siminti 20 a jibge bisa wurin da bai fi shimfiɗar tabarma ba. Alhali kuwa a ƙasashe da yawa ana tsara daɓen benen gidan zama ne bisa kilo 150 zuwa 200 a kan kowace murabba'in mita. Wanda ke zaune a ƙasa bisa daɓen siminti mai kyau ba shi da damuwa sosai. Wanda ke kan bene kuwa, lalle ya nemi injiniya ya duba, in kuma gidan haya ne ko na gwamnati, ya nemi izini a rubuce.

A zaɓi wurin da rana ba ta faɗowa ta taga, don tana ɗumama ruwa, tana kuma haifar da gansakuka. A kusanci famfo da magudana, gama za a yi ta ɗiba da zubarwa muddin tankin na raye. A auna ƙofa da lungun shiga tun kafin a ba da aiki. A bar tazara tsakanin tanki da bango wadda hannu zai shiga. Teburi ya zauna daram, a duba shi da ma'aunin magina ta kowane ɓangare, domin 'yar karkata kaɗan takan tara nauyi a kusurwa ɗaya har gilashi ya tsage. Idan na ƙarfe ne a shafe shi da fenti mai kyau, gishiri ba ya barin ƙarfe lafiya. Tun ran gini tun ran zane: tankin da aka cika ba ya matsawa ko da taƙi ɗaya.

TANKIN ƘASA DA BUTUTU

A cikin teburin, ƙarƙashin babban tanki, ake ajiye wani ƙarami mai cin lita 150 zuwa 200. Shi ne kicin ɗin gidan, a nan ake ɓoye na'urori, yana kuma ƙara yawan ruwan. Ruwa na malalowa daga saman babban tanki ta bututu ya sauko, famfon lantarki ya mayar da shi sama, kamar ninki 3 zuwa 5 na cikin tankin a kowace awa. Hujin da bututun zai bi, a wurin maƙerin tanki ake yinsa, don akwai irin gilashin da aka gasa wanda da zarar an huda shi sai ya tarwatse. Bututun saukowa kada ya gaza biyu. Na biyun yana zaune ne a bushe, yana jiran ranar da dodon koɗi ko gansakuka za su toshe na farko. Duk bututu da mahaɗinsa su zama na roba. Jan ƙarfe da tagulla guba ne ga murjani, ɗan abin da zai narke daga mahaɗi guda ya isa ya hallaka tanki.

Ga wani lissafi da mutane kan manta. Idan wuta ta ɗauke, famfo ya tsaya, ruwan sama zai ci gaba da saukowa har ya kai bakin bututu. A tankinmu kowace santimita ɗaya ta zurfi kusan lita 11 ce. In ruwan ya sauka da santimita 3, lita 30 da 'yan kai ke nan za su gangaro. Idan ba a bar musu wuri a tankin ƙasa ba, a kan darduma za su kwana. Saboda haka ranar farko a cika komai da ruwan famfo zalla, a kunna, a kashe wuta da gangan, a tsaya a gani. A bar shi kwana biyu ko uku a tabbata ba ya yoyo, sannan a zubar.

RUWA DA GISHIRI

Wani zai ce, to me zai hana a ɗebo ruwan teku daga Ikko a tanka? Gaɓarmu ta Afirka ta Yamma ba ta da tsaunukan murjani irin na Bahar Maliya, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne ruwan daɗi da laka da manyan koguna irin su Kwara ke kwararawa a cikinta. Ruwan da murjani bai zauna cikinsa a teku ba, ba za a dogara da shi a falo ba. Haɗa ruwan ake yi a gida.

Ruwan famfo da na rijiya da na burtsatse suna da kyau ga ɗan Adam, amma sukan ɗauko kilorin da naitiret da fosfet da ɓurɓushin ƙarfe. Sai an bi da su ta matatar osmosis, wadda ke matsa ruwa ta cikin wata siririyar fata, sannan ta cikin wasu ƙwayoyi masu kama ragowar sinadarai, har ma'aunin datti ya nuna sifiri. A sani cewa irin wannan matata takan zubar da lita 3 ko 4 kafin ta ba da lita ɗaya mai kyau. A garin da ake sayen ruwa a wurin 'yan garuwa wannan ba ƙaramar magana ba ce, sai a tanadi inda za a tara na zubarwar don wanki da ban ruwan shuka.

Gishirin ma na musamman ne. Gishirin miya kashi 85 cikin 100 ne kawai na abin da ke narke a teku, ragowar kuwa, watau magniziyam da kalsiyam da sauransu, da su murjani ke gini. Akwai giram 35 na gishiri a kowane kilo na ruwan teku, abin da ma'aunin gishiri ke nunawa 1.025 ko 1.026. Cikon farko zai ci kusan kilo 30. Bayan haka kowane mako ɗaya ko biyu za a canja kashi 10 cikin 100 na ruwan, kilo 3 ke nan duk canji. Don haka a tanadi duro biyu na roba, ɗaya na tataccen ruwa, ɗaya na haɗi, a kuma tabbata akwai inda za a riƙa samun gishirin ba yankewa.

Har ila yau, ruwa yana ƙafewa, gishiri kuwa ba ya bin iska. Tanki irin namu yakan rasa lita 5 zuwa 10 a yini, da hunturu ma fiye. Wanda ya cike giɓin da ruwan gishiri yana ƙara wa tankin gishiri ne kullum. Da tataccen ruwa zalla ake cikewa, kuma ya fi kyau a sa 'yar na'ura mai lura da bakin ruwa ta riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan.

DUTSE DA KUMFA DA MOTSI

Kifi na fitar da amoniya, ita kuwa guba ce, musamman a ruwan teku. A jikin dutse mai ƙofofi wasu bakteriya ke zama su mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da naitirait zuwa naitiret mai sauƙin illa. Can cikin dutsen, inda iska ba ta isa sosai, wasu na daban ke mayar da naitiret iskar naitirojin ta fice. Dutsen nan shi ne matatar gaskiya. A yau ana samun busasshen dutse da wanda aka ƙera da hannu, ba sai an farfasa tsaunin teku ba. A kafa shi bisa gilashin ƙasa kafin a zuba yashi, don kada kifi mai tono ya rushe ginin, a kuma bar hanyoyin da ruwa zai ratsa.

Na'urar kumfa kuwa kwaikwayo ce ta abin da igiyar ruwa ke yi a gaɓa. Tana cusa dubban ƙananan ƙwayoyin iska a cikin ruwa, datti ya manne musu, su taso sama su zube a wani kofi kamar baƙin shayi mai wari. Ta haka ake fitar da ƙazanta tun ba ta ruɓe ba. A sayi wadda ta dace da yawan ruwan duka, a kuma auna tsayinta a ga za ta shiga cikin teburi har a iya cire kofin.

Murjani ba ya tashi ya nemi abinci, ba ya kuma matsawa daga kashinsa. Ruwa ne ke kawo masa, ruwa ne ke kwashewa. Don haka ake manna ƙananan famfuna masu farfela a jikin gilashi, waɗanda jimlar turinsu za ta kai ninki 20 zuwa 40 na cikin tankin a awa. A namu lissafin, kamar lita 20,000 ke nan. Biyu ko uku masu fuskantar juna sun fi guda ɗaya babba, domin ruwa mai jujjuyawa ake so, kuma in ɗaya ya lalace saura na aiki.

HASKE DA ZAFI

Tun da gansakukar cikin murjani da haske take girki, fitila ita ce ranar tankin. Ruwan teku yana shanye jan haske tun a 'yan mitocin farko, shuɗi ne ke nutsawa ƙasa, shi ya sa fitilun wannan kiwo suka karkata ga shuɗi. Dā manyan ƙwayaye masu cin wat 250 ko 400 ake ratayawa, masu zafi kamar murhu. Yanzu fitilun LED sun karɓe yawancin aikin, ga sauƙin wuta, ga shi ana iya rage ƙarfinsu. Tankinmu zai so kai uku, suna ci awa 9 zuwa 12 a yini bisa agogo mai kunnawa da kashewa da kansa. Sabon murjani da ƙaramin haske ake tarbarsa, a riƙa ƙarawa a hankali cikin makonni.

Zafin ruwa ya zauna tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin santigired. Littattafan Turai sun fi damuwa da hita, saboda sanyi ne abokin gabarsu. Mu kuwa da muke ganin digiri 40 a watan Afrilu, muna kuma kwana da bargo a Janairu, dole mu tanadi biyun: na'urar sanyaya ruwa don bazara, hita don hunturu. Na'urar sanyayawa a wajen teburi ake ajiye ta, inda iska ke wucewa, in ba haka ba zafin da ta cire zai komo cikin ruwan. Hita kuma ƙanana biyu sun fi babba ɗaya, domin in ɗaya ta maƙale a kunne ba za ta iya dafa tankin ita kaɗai ba.

WUTAR LANTARKI

Yanzu mun iso inda tankin Ikko ya faɗi. Bari mu yi ƙiyasi. Fitilu wat 300 na awa 10, yunit 3 ke nan. Famfuna da na'urar kumfa wat 150 dare da rana, yunit 3 da rabi. Na'urar sanyayawa a lokacin zafi, wani yunit 3 ko fiye. Kusan yunit 10 a yini, 300 a wata. Yayyenmu ma'aikata su ɗora wannan bisa farashin mitarsu, su gwada da albashi.

Tsada ma da sauƙi a kan yankewa. Murjani zai jure kwana biyu ko uku ba haske, amma tanki ba zai jure tsayuwar ruwa ba. Ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iskar oksijin ba, ruwa mai ɗumi kuma bai kai mai sanyi ba, ga kifi da murjani da bakteriya duk suna shaƙa. Cikin 'yan awoyi iskar kan ƙare. Saboda haka a raba na'urori gida biyu. Na rai da mutuwa, watau famfunan motsa ruwa, a ɗora su bisa batir da inbata mai karɓa da kanta ko ba kowa a gida, in da hali da faifan sola mai cika batirin. Janareta sai mutum ya tashe shi, mutum kuwa yakan yi tafiya, yakan yi barci. Batir guda da ƙaramin famfo, waɗanda kuɗinsu bai kai na fitilun falon nan ba, da sun kai kifayen mutumin Ikko har ya dawo.

Kada a manta ruwan gishiri yana ɗaukar lantarki ƙwarai, mai tanki kuwa kullum hannunsa na ciki. A sa makashi mai yanke wuta da kansa idan ta zurare. A ɗaga soket sama da inda ruwa ke fantsama, kowace waya kuma a bar ta ta lanƙwaso ƙasa kafin ta hau soket, don ɗigon da ya biyo ta ya faɗi a ƙasa.

HAƘURI

An haɗa komai, ruwa ya yi garau, sai zuciya ta ce a zuba kifi. A nan ne ake gane mai haƙuri. Bakteriyar da muka ambata sai ta yi mako 4 zuwa 8 kafin ta kafu. A ba ta ɗan abinci, a riƙa gwada ruwa, sai amoniya da naitirait sun hau sun sauko sifiri sannan a sa kifi biyu na farko. Kayan gwaji suna cikin kayan aiki tun ranar farko, da littafin da za a riƙa rubuta sakamako. Abin da ake nema shi ne kalsiyam miligiram 400 zuwa 450 a lita, magniziyam wajen 1,300, ƙarfin kabonet 7 zuwa 9 a ma'aunin dKH. Da murjani ya fara girma zai riƙa shanye su, sai a riƙa mayarwa daidai abin da ya sha. Lambar da ta zauna wuri ɗaya ta fi lamba mai kyau da ke hawa da sauka.

A tanadi wani ɗan tanki daban na killace baƙi, kowane sabon kifi ya yi aƙalla wata guda a ciki. Akwai cutar fararen ɗigo da ke kama kifin teku, maganinta da jan ƙarfe ake yi, shi kuwa mun ce guba ne ga murjani. In ta shiga babban tanki, sai an kwashe kifayen duka an bar shi ba kifi fiye da wata biyu. Murjani ma a fara da masu taushi marasa ƙashi, masu rassa irin su Akurofora sai tanki ya kusa shekara. Wasu masu taushin, irin su Falitowa, suna ɗauke da dafi mai tsanani. A sa safar hannu da tabarau, kada kuma a kuskura a tafasa dutsen da suka zauna a kai, don tururin yakan kwantar da mutanen gida duka.

HAƘƘIN HALITTU

Saura tambaya ɗaya: daga ina kayan suka fito? Tun shekarun 1960 wasu masunta a Filifin suka fara fesa gubar sayanaid a cikin tsaunukan murjani don su sumar da kifi su kama. Kifin yakan iso kasuwa da kyansa ya mutu daga baya, murjanin da aka fesa kuma ya mutu a inda yake. Yarjejeniyar CITES ta 1973 ta sa murjani masu ƙashi cikin jerin halittun da ba a ƙetare iyaka da su sai da takardar izini. Abin farin ciki, an daɗe ana hayayyafa kifin nan mai ratsin fari da ruwan lemo a gonakin kifi, tun shekarun 1970, a 2015 kuma masana a Hawai suka yi nasarar hayayyafa ɗorawan kifin da ake kira tan. Murjani shi ma ana yankan reshensa a dasa kamar rogo. Mai saye ya tambaya, ya zaɓi na gona, ya nemi ganin takarda.

KAMMALAWA

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu nan da shekara kaɗan za su karɓi albashi da makullin gida, sha'awa kuma za ta zo da kayanta iri-iri. Wanda tasa ta faɗa kan wannan kiwo, ga jerin da muke ba shi shawara ya bi da kuɗinsa: daɓe da teburi, batir da inbata, matatar ruwa da gishiri, tanki da famfuna, na'urar sanyayawa, sannan fitila, daga ƙarshe abin da ke numfashi. Mutuminmu na Ikko daga ƙasan jerin ya faro. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan kuwa an zauna an yi lissafi aka ga daɓe ba zai ɗauka ba, ko wuta ba ta da tabbas, ko aljihu ba zai jure gishirin kowane mako ba, to takardar ta yi aikinta. Kogunanmu na da kifayen ado na ruwan daɗi waɗanda har Turai ake kai su, sun kuma fi jure halin gidajenmu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Murjanin da aka bari a teku bai yi asarar komai ba.

Shugaba, a nan za mu dakata don a sami lokacin tambayoyi.